Ayarin Mutum Ɗaya

Turawan Ingila suna da wata kalma da suke kiran ɗakin nan mai ƙafafu wanda ake tafiya da shi bisa hanya ana kwana a cikinsa, watau karaban, kuma idan mai nazari ya bi salsalar kalmar zai tarar aro suka yi daga Faransawa, su kuma Faransawa ta gangaro musu daga mutanen Farisa, waɗanda a harshensu karwan shi ne abin da mu muke ce wa ayari. To, duk wanda ya taɓa zama gaban tsofaffi ya ji labarin fataken da suke tashi daga Kano su nufi Gwanja sayen goro, ko kuwa Buzayen da suke kora raƙuma daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri, ya san ayari taro ne mai tsari, da madugu wanda ba a ɗaura kaya sai ya yi umarni, da jagaba wanda ya san rijiyoyi da mashigai, da ɗaruruwan mutane waɗanda tsoron 'yan fashi da ƙishirwa ya tilasta musu jure wa juna har a kai zango. Amma kalmar nan da ta baro Farisa tana nufin jama'a, da ta kwana biyu a tsibirin Birtaniya sai ga ta ta koma sunan abin hawan mutumin da jama'a ta gundure shi, ya ɗauki katifarsa da tukunyarsa ya nufi bakin teku shi kaɗai.

Mu dai a tarbiyyarmu tafiyar kaɗaici ba abin yabo ba ce. Malamai sun karantar da mu cewa makaruhi ne mutum ya yi doguwar tafiya shi ɗaya, balle da dare, kuma idan matafiya sun kai uku ana so su shugabantar da ɗayansu. Larabawa ma sukan ce a nemi abokin tafiya tun kafin a nemi hanya. Gaskiya ne sufaye sun san siyaha da halwa, kuma Imamu Gazali ya bar kujerar karantarwarsa ta Bagadaza a shekarar 1095 ya yi shekaru yana yawo cikin zuhudu, amma wannan neman yardar Ubangiji ne da yaƙi da son zuciya, ba wanda ya taɓa kiransa hutu. Saboda haka idan Bahaushe ya ji an ce akwai mutum mai gida da albashi, lafiyarsa ƙalau, ba bashi ya koro shi ba, wanda yake kulle ƙofarsa ya shiga motar tafi-da-gidanka ya je ya kwana a gindin dutse inda ba kowa sai iska da tsuntsayen ruwa, yana da hujja idan ya tambayi dalili. Dalilin kuwa ba ya fita sai an koma wajen waɗanda suka fara zama a irin wannan ɗaki tun ba a mai da shi abin marmari ba.

Su waɗannan larura ce ta zaunar da su a ciki. Na farkonsu masu wasanni ne da suke bin bukukuwan kasuwa gari-gari da lilo da namun daji a keji, waɗanda tun farkon ƙarni na 19 suka fara sa kafintoci suna gina musu ɗakin katako a kan amalanke, doki yana ja. Bayansu sai ƙabilar Romani, waɗanda Turawa suke kira Jifsi, mutanen da asalinsu Indiya ne, suka shigo Birtaniya wajen farkon ƙarni na 16, suka daɗe suna kwana a bukkokin tsumagiya da ake tanƙwarawa a rufe da bargo, kusan irin bukkar Fulanin tashi. Wajen shekarar 1850 ne suka fara komawa karusa, suka ƙawata ta da sassaƙa da ruwan zinariya, suka sa mata murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, suna bin ƙauyuka suna dillancin dawaki da gyaran tukwane da ƙodagon girbi. Mazauna gari suna cin moriyar aikinsu, amma ba sa son kwanansu kusa. A 1865 aka yi doka a Sikotlan wadda ta mai da shi laifi mutum ya yada zango a filin wani ba da izini ba, ko ya hura wuta a gefen hanya. A shekarun 1880 kuma wani mai rajin gyaran al'umma, George Smith na garin Coalville, ya dage sai majalisa ta yi dokar da za a riƙa rajistar karusan kwana ana leƙa cikinsu, har masu wasannin kasuwa suka haɗa ƙungiya a 1889 suka tsaya kai da fata, dokar ba ta samu shiga ba.

Ana cikin wannan tsangwama ne wani mutum mai mutunci a idon hukuma ya yi sha'awar abin da ake ƙyamar masu shi. Sunansa Dokta William Gordon Stables, mutumin Sikotlan, tsohon likitan sojan ruwa wanda rashin lafiya ya sa ya ajiye aiki ya koma rubuta littattafan labaru domin samari, har ya rubuta fiye da 100. Ya ga karusan 'yan wasa, ya leƙa cikinsu, sai ya sa wani kamfanin ƙera karusa na garin Bristol ya gina masa tasa da katako mai tsada, nauyinta wajen tan 2, da falo da ɗan madafi da ma'ajiyar littattafai, ya raɗa mata suna Wanderer, watau mai yawo. Da yake zuciyarsa ba ta bar teku ba, sai ya riƙa kiranta jirgin ruwan tudu, shi kansa kuma yana kiran kansa Jifsi ɗan manya. A 1885 ya tashi daga gidansa da ke Twyford, yamma da Landan, ya yi arewa ta Yorkshire da Edinburgh, ya haura duwatsun Grampian har ya isa Inverness, babban garin tsaunukan Sikotlan, kuma tafiyar wannan shekara ta kai kamar mil 1,300. Da ya dawo ya rubuta labarinta a littafi, aka buga a 1886, masu hali suka karanta, wasu suka ce su ma sai sun gwada.

Sai dai wanda ya duba yadda Dokta ya yi tafiyar zai yi murmushi idan aka ce masa wannan ne uban masu tafiyar kaɗaici. Dawaki biyu suke jan karusar, akwai mai kora su, akwai hadimi wanda yake dafa abinci, wanda kuma yakan hau keke mai ƙafa uku ya yi gaba ya dubo hanya ya nemo masauki, ga wani ƙaton kare, ga wani tsuntsu dangin aku. Ashe ƙaramin ayari ne, da madugunsa da jagabansa. Ba kuwa yadda za a yi ya zama ba haka ba, domin doki mai jan irin wannan kaya ba ya wuce mil 15 zuwa 20 a yini, kowace yamma yana bukatar barga da harawa da ruwa, a gangara sai an ɗaure ƙafar karusa kada ta danne shi, a hawa kuma wani lokaci sai an nemi aron wani dokin daga manomi. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Da mabiyansa suka yi yawa, wani lauya mai suna Harris Stone ya tara su a 1907 suka kafa ƙungiyar masu karaban, suka naɗa Dokta mataimakin shugaba, kuma har yau karusarsa tana hannun wannan ƙungiya tana adana ta.

Wanda ya yi kaɗaicin na haƙiƙa wani ɗan Sikotlan ne dabam, shekara bakwai kafin tafiyar Dokta, kuma shi ba shi da ɗaki ko kaɗan. Robert Louis Stevenson, marubuci, yana ɗan shekara 27, mai raunin ƙirji, zuciyarsa kuma cike da begen wata mata da ta koma Amurka, ya sayi jaka a ƙauyen Le Monastier na ƙasar Faransa a kan faran 65, ya sa mata suna Modestine, ya tashi ranar 22 ga Satumba 1878 ya keta duwatsun Cévennes da ƙafa, kwana 12, kamar mil 120. Maimakon tanti sai ya sa aka ɗinka masa wani buhu, wajensa tamfol mai hana ruwa, cikinsa fatar tunkiya, ya riƙa shiga ciki yana kwana a ƙarƙashin itatuwa, da 'yar bindigarsa kusa da hannu. Jakar nan ta gwada masa taurin kai irin wanda kowane mai jaki ya sani, amma da ya sayar da ita a ƙarshen tafiya sai da ya yi hawaye. Shi ne ya koya wa masu karatu na Ingila cewa kwana a fili shi kaɗai yana iya zama daɗi. Bayansa wani tela na Landan, Thomas Holding, wanda tun yana yaro ya keta filayen Amurka a amalanke tare da iyayensa a 1853, ya ɗinka tanti marar nauyi wanda ake ɗaurawa a keke, ya kafa ƙungiyar masu zango da keke a 1901. Ke nan har farkon ƙarni na 20 abin rabe yake biyu: mai ɗaki ba ya samun kaɗaici, mai kaɗaici kuma ba shi da ɗaki.

Mota ce ta ɗaura auren nan, domin ita ba ta cin harawa, ba ta bukatar barga, kuma idan an kashe ta sai ta tsaya inda aka bar ta har gari ya waye. A 1919 wani kamfani na Birmingham mai suna Eccles ya fara ƙera karaban da mota take ja domin sayarwa, amma wannan duk na masu kuɗi ne, saboda talaka ko ya samu ɗakin ba shi da lokacin shiga. Lokacin ya zo ne ta hanyar doka: Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi a 1936, Birtaniya ta yi tata dokar ta mako ɗaya a 1938, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya katse kome, ba a ci moriyar abin sosai ba sai bayansa. A shekarun 1950 wani tsohon kamfanin ƙera karusa na garin Folkestone, Martin Walter, ya ɗauki ƙaramar motar kaya ta Bedford ya sa mata kujerun da ake kwantarwa su zama gado, ya kira ta Dormobile, a 1957 kuma ya ƙara mata risho da wurin wanke kwano da rufin da ake ɗagawa gefe ɗaya har mutum ya miƙe tsaye a ciki. Hukumar haraji ma ta taimaka ba da nufi ba, da yake motar da aka kafa wa kayan kwana da na dahuwa ba a ɗora mata harajin saye irin na motar shiga, sai ya zama akwai riba a mai da motar kaya gida.

A Jamus kuwa aka haifi wadda ta zama sarauniyar wannan sha'ani. Bayan yaƙi masana'antar Volkswagen ta Wolfsburg tana hannun sojan Ingila, ƙarƙashin wani Manjo Ivan Hirst, sai wani dillalin motoci ɗan Holan, Ben Pon, ya zo a watan Afrilu 1947 ya zana wata mota mai kama da akwati a littafin aljihunsa, direba a can gaba, inji a can baya, tsakiya duk fili. Aka fara ƙera ta a watan Maris 1950, shekara ɗaya bayan haka kamfanin Westfalia ya fara sa mata akwatunan kayan zango. Injinta iska yake sha maimakon ruwa, ba ya daskarewa a sanyi, ba ya neman ruwa a hamada, kuma mai ɗan basira yana iya kwance shi a gefen hanya da 'yan sifanu kaɗan, abin da ya sa mai tafiya shi ɗaya ya amince da ita. An ci gaba da ƙera tsohon samfurinta a Burazil har ƙarshen 2013. Mu ma mun san ta, ita ce Kombi, wadda mutanen Ikko suka mayar motar haya suka kira ta danfo, suna cusa mata fasinja har ƙofa ba ta rufuwa, alhali a can mutum ɗaya ne yake miƙe ƙafa a cikinta.

Me ya sa kuwa duk wanda ya samu irin motar nan sai ya nufi gaɓar teku? Birtaniya tsibiri ce, ba wani wuri a cikinta da ya fi kamar mil 70 nisa daga ruwan gishiri, kuma tun tsakiyar ƙarni na 18 likitocinsu suke aika marasa lafiya wanka a teku da shan iskarsa. Da jirgin ƙasa ya zo sai ya riƙa kwasar leburori dubu-dubu yana zubewa a Blackpool da Brighton, har rairayin ya zama kamar kasuwar Kurmi ranar jajibere, mai neman shiru kuma ya rasa inda zai sa kansa sai wuraren da dogo bai kai ba. Wuraren nan suka ƙaru bayan 1963, lokacin da rahoton Dokta Beeching ya ba da shawarar rufe tashoshi fiye da 2,000, yawancinsu na ƙauyuka, aka kuwa rufe mafi yawa, ya zama ba mai isa lungunan Cornwall da Wales da yammacin Sikotlan cikin sauƙi sai mai mota. Hukuma kuma ta yi doka a 1960 cewa ba a ajiye karaban a fili sai da lasisi, amma ta yi wa manyan ƙungiyoyi rangwame su ba manomi takardar saukar da karaban har biyar a gonarsa. Dubi yadda al'amari ya kasance: jikokin Jifsi ɗan manya suka samu makiyaya mai ciyawa da famfo, su kuwa Romani na ainihi dokar ta ba ƙananan hukumomi ikon rufe musu filayen gayya da kakanninsu suke sauka. An wajabta wa hukumomin nan tanadar musu matsuguni a 1968, aka soke wajabcin a 1994.

Surar da ta zauna a zukatan mutane, ta mutum ɗaya da karensa da motarsa, wani Ba'amurke ne ya zana ta. John Steinbeck, yana da shekara 58, bayan ya tashi daga jinya, ya ji ya daɗe yana rubutu a kan ƙasar da ya daina sani, sai ya sa aka ɗora masa ɗaki a bayan motar a-kori-kura, ya sa mata sunan dokin jarumin wani labari, Don Quixote, watau Rocinante, ya ɗauki karensa Charley ya bar gidansa na Sag Harbor a watan Satumba 1960. Ya fara da gaɓar Maine, ya keta arewacin ƙasar har Tekun Fasifik, ya gangara Kalifoniya mahaifarsa, ya dawo ta Texas da New Orleans, kimanin mil 10,000. Littafin tafiyar ya fito a 1962, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel, kuma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka sayi mota saboda shi. Bayan shekara 50 wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawunsa yana gwada littafin da wasiƙun da marubucin ya aika gida, sai ya tarar darare da yawa a otal ya yi su, kuma uwargidansa ta kasance tare da shi a wani babban yanki na hanyar. Wannan bai rage wa littafin daɗi ba, amma ya nuna kaɗaicin ya fi yawa a takarda.

Ƙasarmu ma ta ga wani reshe na wannan al'ada, kuma a nan ne aka yi mata jarrabawa mafi tsanani. Tun a 1935 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka keto Sahara a kan babur mai jan ɗan amalanken tanti, suka bi ta Agadas da Kano a hanyarsu ta zuwa Afirka ta Kudu. Waɗanda suka yi wayo a Agadas da Damagaram da Kano a shekarun 1970 da 1980 kuwa suna tuna Turawan nan masu Kombi da Land Rover, fuska ta ƙone, jarkoki jere a kan rufi, da faranten ƙarfe rataye a gefe na shimfiɗa wa taya idan yashi ya riƙe ta, waɗanda sukan sauka a masaukin baƙi na titin Bompai su yi wanki su huta. Da yawansu sun baro gida da niyyar kada su dogara da kowa. Amma da sun iso Tamanrasat a kudancin Aljeriya, inda kwalta ta ƙare, suka ga kilomita wajen 400 na yashi tsakaninsu da In Gezzam, sai ka ga kowa ya tsaya yana jiran wasu motoci a haɗu a tafi tare, domin wanda ya kafe shi ɗaya ba mai tura shi, wanda ya ɓata kuma ba mai kai labarinsa. Hamada ta mayar wa kalmar karaban ma'anarta ta Farisa. Hanyar ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, tawaye kuma ya tashi a arewacin Nijar, wanda ya tabbatar da cewa mai yawo shi kaɗai ɗan zaman lafiya ne, kuma zaman lafiya wasu ne suke tsaron sa.

Mu koma Inverness, inda karusar Dokta ta tsaya. Shekara 130 cif bayan isowarsa, a 2015, wata ƙungiyar raya arewacin tsaunuka ta haɗa tsofaffin hanyoyin da suka kewaye ƙuryar Sikotlan ta ba su suna ɗaya, North Coast 500, mil 516 daga Inverness a dawo Inverness. Matafiyi yakan yi yamma ya haura Bealach na Bà, mashigin shanu a harshen Gelik na mutanen wurin, tsohon burtali ne da makiyaya suke koro shanu ta kansa zuwa kasuwannin kudu, wanda yake hawa daga bakin teku har mita 626 cikin 'yan mil kaɗan, da allo a gindinsa yana gargaɗin masu karaban da masu koyon tuƙi su nemi wata hanya. Daga nan sai Applecross, sai Ullapool garin masunta, sai Durness mai farin rairayi, sai John o' Groats a ƙarshen tudu, a gangaro ta Wick da Helmsdale. Da bazararsu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, mutum yana iya yin sa'a guda yana tuƙi bai ga hayaƙin gida ba, ba mai damunsa sai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da suke tasowa kamar hazo idan iska ta kwanta.

Littafin Allah ya yi umarni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa domin i'itibari da ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma da matafiyin nan zai yi tafiyarsa da wannan niyya, da ya tambayi abin da ya sa kwaruruka masu ruwa da ciyawa suke wayam. Da can cike suke da mutane. A farkon ƙarni na 19 masu mallakar lardin Sutherland, watau uwargidan sarautar da mijinta wanda daga baya ya zama Duke, suka lissafa suka ga tumaki masu ulu sun fi talakawa masu biyan ɗan galla riba, sai wakilansu suka tashi dubban mutane daga gonakin kakanninsu. A kwarin Strathnaver an yi wannan a 1814 da 1819, ana cinna wa jinkar gidaje wuta don kada masu su su dawo. An gurfanar da wakili Patrick Sellar gaban shari'a a Inverness a 1816 bisa zargin kisa, aka sallame shi. Waɗanda aka tasa, wasu suka haye teku zuwa Kanada, wasu aka jibge su a 'yan filaye marasa albarka a bakin gaɓa aka ce su koyi su. A kangon Badbea, kan wani gefen dutse mai kallon teku, ana ba da labarin cewa iyaye sukan ɗaure 'ya'yansu da igiya kada iska ta jefa su ƙasa. Ba a ba waɗannan ƙananan manoma tabbacin zama a filayensu ba sai da dokar 1886, shekarar da littafin Dokta ya fito. Gunkin Duke kuwa yana nan tsaye a kan dutse bisa garin Golspie, duk mai bin hanyar yana hango shi. Shirun da baƙo yake biyan kuɗin mai ya zo ya sha, kufai ne.

Jikokin waɗanda suka saura su ne suke zaune a gefen hanyar yau, kuma ra'ayinsu a kan baƙin ya rabu. Masu kantuna da gidajen mai da masaukai sun ga alheri. Amma motar tafi-da-gidanka baƙo ce mai zuwa da guzurinta, takan sayi kaɗan, ta bar abin da ba a so, musamman a bazarar 2020, lokacin da aka sassauta kullen annoba ba a kuma buɗe ƙetare ba, mutanen birane suka kwararo arewa, ƙauyawa suka yi ta kuka da masu kwana a ƙofar maƙabarta, da masu juye tukunyar bahaya a lambatu, da masu hura wuta a makiyaya. Da yawan baƙin sun zaci doka tana bayansu, domin dokar gyaran mallakar ƙasa ta Sikotlan ta 2003 ta halatta wa kowa ya keta fili ya kafa tanti ya kwana muddin bai yi ɓarna ba, alhali kuwa wannan izini na mai tafiya da ƙafa ne da mai keke da mai doki da mai kwalekwale, ba a sa mota a ciki ba. Mai mota da ya kwana a gefen hanya yana cin arzikin haƙurin mutanen wurin ne. Fukaha'unmu da suka yi bayanin haƙƙin hanya da haƙƙin ɗan tafarki ba su raba su da haramcin cutarwa ba, Hausawa kuma da suka ce baƙonka annabinka, su ne dai suka ce baƙo raɓa ne, watau ya sauka a hankali ya tashi bai bar gurbi ba.

Yawancin hanyoyin yammacin wannan kewaye faɗin mota ɗaya gare su. Saboda haka aka yi musu 'yan wuraren kaucewa a gefe, kowane da alamarsa a kan sanda, kuma ƙa'idar ita ce idan motoci biyu suka hango juna wanda ya fi kusa da makaucin shi zai tsaya, ko ya koma da baya, wanda aka ba hanya kuma ya ɗaga hannu ya yi godiya. Idan kuwa na bayanka ya fi ka sauri, ma'aikaciyar jinya ce za ta duba marar lafiya ko makiyayi ne da tumakinsa a tirela, sai ka raɓe ya wuce. Ba ɗan sanda a wurin, ba madugu. Mutumin da ya baro Landan ko Glasgow domin kada ya yi magana da kowa, kafin ya kai Durness ya ɗaga hannun nan sau da yawa har ya daina ƙirgawa, kowane ɗagawa kuma shaida ce cewa wani ya tsaya dominsa. Idan ya iso ya kashe inji, ya ɗora shayi a risho, ya buɗe ƙofa yana kallon Atlantika, ruwan da ke cikin butarsa daga famfon wani ƙauye ya ɗebo shi, filin da tayarsa ta taka kuma akwai wanda zai koro tumaki cikinsa da asuba.